Ingiricin Dochia a Ranar Annabi Iliya

Idan Allah ya hana aiki a wata rana, sannan ya tara hadari a kan ciyawar matar da ba ta da kowa a wannan ranar, me yake so ta yi? Na taɓa kai tambayar wurin limamin cocinmu, ya ce in rage karance-karance. Har yau ban samu amsa ba.

A ƙauyenmu na Maramureș ba a taɓa ciyawa ranar Annabi Iliya. Tun muna yara muka san cewa tsawa ƙarar keken dokinsa ce a sama, kuma wanda ya ɗaura wa doki kayan aiki a ranarsa, aradu za ta nemo tarin ingiricinsa. Mahaifin maƙwabcinmu Gavrilă ya gwada sau ɗaya. Gavrilă yana tsaye ya ga abincin shanunsu na shekara ya zama toka.

Dochia matar ƙanen Gavrilă ce, Grigore, wanda muka binne da sanyin bara. Ya bar mata shanu biyu da wata fadama a bakin rafi. Gavrilă ya yanke mata ciyawar da injin da dawakansa ke ja, amma yayyafi ya jiƙa ta, ba ta bushe ba sai ranar idin Annabi Iliya. Da muka fito daga coci, sama ta riga ta yi baƙi a bayan dutse. Kowa ya san in ruwa ya sake dukan ciyawar nan ruɓewa za ta yi, kuma kafin dusar ƙanƙara ta sauka sai Dochia ta rabu da shanunta.

A ƙofar coci ta tare Gavrilă.

"Yaya Gavrilă, dubi sama."

"Na gani. Gobe da asuba ina fadamarki."

"Gobe taki za ka kwaso mini, ba ingirici ba."

"Dochia, yau dawakaina ba za su fita ba. Ko gidana ne ke ci da wuta."

Onisim mai tarakta, wanda bai yarda da komai ba sai man inji, ya sa baki yana dariya. "Inna Dochia, bar tsohon nan da tsoronsa. Taraktata ba ta san Iliya ba. Kafin ki tuƙa tuwon masara na ɗaure miki ita duka."

Na ɗauka za ta amince. Sai ta girgiza kai. Ƙasar fadamar taushi gare ta, kuma Grigore ya ƙare rayuwarsa yana zuba mata taki da amalanke, yana share 'ya'yan ciyawa daga daɓen rumbu yana watsa su inda ta yi sanƙo. In tayar tarakta ta bi ta nan sau ɗaya, ramin da za ta bari sai ya riƙe ruwa shekara da shekaru.

"Na gode, Onisim. Ka kai baƙin hayaƙinka gonar wani."

Ta wuce gida, ta sauya zanen coci, ta nufi fadama. Na bi ta, ban san dalili ba. Na tsaya a bakin shinge ina auna abin. In ta yi aiki ta saɓa, in ta zauna ta yi wasa da amanar dabbobi.

"Simion," ta ce ba ta ko dube ni ba, "in tunani ka zo yi, ga manjagara, yi shi kana ja."

Na karɓa. Muka yi ta ja, amma hannu huɗu ba sa cinye fadama. Iska ta fara juya ganyen itatuwa. Can sai ta jefar da manjagararta, ta nufi ƙarƙashin bishiyar da aka ajiye injin tara ciyawa, mai taya biyu da dogayen haƙoran ƙarfe. Na gado ne, rabinsa na Grigore. Ta shiga tsakanin sandunan da ake sa doki, ta rataya igiyar a ƙirjinta.

"Ke Dochia, kin haukace?"

"Doki aka hana. Ban ji an ambaci tsohuwa ba. Tura ta baya."

Na tura. Injin ya motsa, haƙoran suka kama ciyawa, ya yi nauyi. Ta duƙa har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Taku kaɗan ta faɗi a gwiwa, ta tashi, ta sake ja. Mutane suka fara taruwa a hanya da fararen rigunan idi. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya tsallako shingen. Ban ga laifinsu ba, su ma tsoron Allah ne ya riƙe su, kamar yadda na tabbata shi ne yake tura ta.

Tsawar farko ta yi ƙara. Dochia ta ɗaga kai sama.

"Na ji ka! Ka yi haƙuri in gama."

Ban ga lokacin da Gavrilă ya bar taron ba. Ƙarar kofato kawai na ji. Ya shigo riƙe da linzamin jar goɗiyarsa, ɗayan dokin na biye da amalanke, fuskarsa ta yi fari fat.

"Fito daga nan. Kina kunyata ƙanena a kabarinsa."

"Ka ce ko gidanka na ci da wuta."

"Na san abin da na ce. Matsa."

Ta zare igiyar, wadda ta bar mata jan shaida a ƙirji. Gavrilă ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye, ya dubi hadarin.

"Dawakan nawa ne. In wuta za ka jefa, ka san inda tarin ingiricina yake. Nata ka bar shi."

Ya mai da hular, ya ja goɗiyar da baya tsakanin sandunan, ya fara ɗaure maɗauran.