Gilashin Jimadum

Dawuda ya ɗaga gilashin kyamarar ya leƙa rana ta cikinsa, sai ya ga farin zare-zare ya mamaye shi kamar saƙar gizo-gizo. Fumfuna ta riga ta cinye shi. Ya miƙa wa mai kayan abinsa.

"Goge shi kawai za ka yi da bakin riga," in ji mutumin da Larabcin gari. "Sabo ne."

"Daga ciki ne. Ko ruwan kogin Shari kaf ka kawo ba zai fita ba."

Wannan shi ne na shida da ya duba tun safe. Shekara tara Dawuda yana ɗaukar hoto a shagonsa na unguwar Gardole. Sati biyu da suka wuce wani bam ya faɗi a bayan layinsu, ƙasa ta girgiza, kyamararsa ta kife daga kan ƙafafunta ta faɗi ta fuska. Jikinta bai yi komai ba, amma gilashin gaba, wanda masu sana'ar ke kira objektif, ya dare gida uku. Abin haushin kuwa, bai taɓa ganin kasuwar hoto irin ta yanzu ba. Duk mai son haye kogi zuwa Kusuri sai da takardar wucewa, takarda kuma sai da hoto. Kullum da safe Hajja Zuleha maƙwabciyarsa sai ta zo da jikokinta biyar ta tsaya a ƙofar shago, kullum sai ya ce mata gobe.

Tun da faɗa ya ɗan lafa, wata sabuwar kasuwa ta tsiro a bayan masu ƙarafa na Babbar Kasuwa. Kayan gidajen da aka gudu aka bari ake shimfiɗawa a tabarma, fankoki da injinan rubutu, har da kujerar likitan haƙori. Masu sayarwa ba su san abin da ke hannunsu ba. Wani ya ba shi madubin hangen nesa ya rantse na kyamara ne. Wani yana da gilashi mai kyau, amma irin na maƙalawa, shi kuwa kyamararsa mai murɗi ce. Ya yi bayani har maƙogwaronsa ya bushe, mutumin ya ce a kai wa maƙeri ya daidaita bakin da guduma.

Ya biya ta rumfar Idi mahauci, ɗan unguwarsu, ya sha ruwa.

"Ka samu, Malam Dawuda?"

"Ina fa. Garin nan an sace komai, amma an rasa ɓarawo ɗaya mai hankali."

Idi ya waiga ya rage murya. "Je wajen bishiyar can, ka tambayi Abdulmutallib. Cikin masu bindiga yake. Ka yi ciniki, kada ka yi tambaya."

Abdulmutallib dogo ne siriri, ya naɗe kai da rawani, yana zaune a bayan akori-kura da bindiga kwance a cinyarsa. Da ya ji abin da ake nema sai ya jawo wata jakar fata ya buɗe. Gilashi ɗaya ne a ciki, an naɗe shi da ƙyalle mai laushi. Dawuda ya leƙa, ya ga shi tas kamar ruwan randa. Ya fito da kyamararsa ya murɗa, gilashin ya shige ya zauna daram. Har ya fara sakin numfashi sai yatsansa ya taɓa wata 'yar lotsawa a bakin zoben. Ya juya shi. Kusa da lotsawar an karce harafin J da ƙusa.

Shi ya yi wannan lotsawar da hannunsa. Gilashin Jimadum ne, mutumin kudu mai shago a unguwar Mursal, wanda ya koya masa sana'a tun daga riƙon kyamara har haɗa ruwan wanke hoto. Ranar da gilashin ya suɓuce masa, Jimadum bai zage shi ba, dubawa kawai ya yi ya ce yanzu gilashin ya sami alama. Tun watan da aka fara faɗa babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Wasu sun ce ya tsere kudu da iyalinsa, wasu kuma sukan yi shiru in an tambaye su.

"Ina mai shi?" Maganar ta fita kafin ya kama bakinsa.

Abdulmutallib ya dube shi sama da ƙasa. "Ba ya bukatarsa. Kana so ko ba ka so?"

Dawuda ya ji kamar ya kwance gilashin ya jefa masa a fuska. Amma in ya bar shi, gobe wani zai saya ya ba yara su ƙona takarda da shi a rana, Hajja Zuleha kuma za ta sake dawowa ƙofar shago. Ya tambayi kuɗi. Abin da aka faɗa ya fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba. Ya roƙa, ya nuna lotsawar ya ce aibi ce, yana faɗa yana jin kunyar kansa. Mutumin bai motsa ba. Dawuda ya fara kwance gilashin.

"Tsaya," in ji Abdulmutallib. "Da fim a ciki?"

"Akwai."

"Kawo abin da ke hannunka, ka cike sauran da hoto. Uwata shekara uku ba ta gan ni ba. An ce mata na mutu."

Abdulmutallib ya sauko daga mota, ya gyara rawani, ya rataya bindiga, sannan ya tsaya ƙiƙam yana tambaya ko ya yi dariya ko kada ya yi. Dawuda ya ɗora ido a kyamara. Gilashin bai manta aikinsa ba, har tabon da ke ƙarƙashin idon mutumin ya fito sarai.

"Ja rawanin baya kaɗan, fuskar ta fito," ya ce. "Matsa dama. Ƙara."

Mutumin ya matsa, jakar fatar ta bayyana a gefensa, da sauran kayan da ke cikin motar da lambar motar kanta. Dawuda ya daidaita a hankali, ya danna.

"Jibi ka kawo min nan. Guda ɗaya ya ishe ni."

"To."

Dawuda ya rataya kyamarar a ƙarƙashin riga ya bi ta cikin masu hatsi ya nufi Gardole. Takardar wanke hoto ta kusa ƙare masa, kuma babu inda zai samo wata. Duk da haka biyu zai wanke, ya ɓoye ɗaya don shaida. Jimadum yana da mata da 'ya'ya mata uku, kuma in faɗan nan ya ƙare, wata a cikinsu za ta zo tambaya.