Matar da Ta Tsaya a Sahun Maza

A dokar sojan Turawa ta wancan zamani, in za a tura sojoji ƙetare, mata shida kacal ake bari su bi mazajensu a kowane rukuni, su ma sai an jefa ƙuri'a. Ƙuri'a ba ta faɗa kan Morag ba. Sai mijinta Ewan, wanda dabara ba ta taɓa yi masa rana ba, ya aske mata gashi da almakashi, ya samo mata jar rigar soja, ya cusa ta cikin sababbin kurata. Mako bakwai a teku ba wanda ya gane ta. Har Ewan yana yabon kansa, bawan Allah.

Wata rana da hantsi jirgin ruwansu ya hau dutse ya fara nutsewa, ana hangen gaɓar Afirka ta Kudu. Kwalekwalen ceto uku ne kawai suka sauku, sauran tsatsa ta cinye ƙugiyoyinsu. Kanar ya ce mata da yara su shiga, maza su ja sahu kada wanda ya motsa, don in aka yi wa kwalekwalen rubdugu kifewa za su yi. Morag ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da mijinta.

"Fita ki faɗa musu," in ji Ewan ƙasa-ƙasa.

"In faɗa a ɗaure ka a zane?"

"Ke, wa ke ta bulala yanzu? Ki tuna ba ke kaɗai ba ce."

Cikinta wata huɗu. Ta fita, ta nufi Saje Buchan da ke tsare bakin tsani da takobi zare, ta cire hula ta ce ita mace ce.

Saje ya dubi ƙwaryar kanta. "Kai ne na uku yau. Wani har mayafi ya yafa. Koma sahu, ragon banza, kafin in tsire ka!"

Ewan ya ɓalle daga sahu yana ihu, "Matata ce, Saje! Na rantse da Allah matata ce!" Saje ya maka masa gindin takobi a baki, Ewan ya zube.

Morag ta fizge maɓallan rigarta. A ƙarƙashi akwai ƙyallen da Ewan ke ɗaure mata ƙirji da shi kowace safiya, ƙulli irin na soja, ga shi ya jiƙe. Ta ja, ta sa haƙori. Kafin ya kwance an sare igiyar kwalekwale na ƙarshe.

Da ƙyallen ya kwance, Saje ya ga lallai mace ce. Takobin ya suɓuce masa. Ya ruga bakin jirgi yana kiran 'yan kwalekwalen su dawo, har muryarsa ta dushe. Amma shi da bakinsa ya gargaɗi matuƙan kada su waiwayo ko wa ya kira, su kuwa masu jin magana ne.

Ya dawo ya tuɓe rigarsa ya rufa mata. "Ki gafarce ni, uwargida."

Ewan na durƙushe, jini a baki, baƙin ciki ya hana shi ɗaga ido ya dube ta. Ita ce ta tashe shi tsaye, don ruwa ya fara taɓa gwiwoyinsa.