Tafin Husaina a Bangon Waliyyi Isidoro

Kun sha wucewa ta gefensa ranar Lahadi, kuna kakkaɓe takalmi kafin ku taka tayil ɗin sabon coci, kuma ba wanda ya taɓa juyawa ya dube shi. Wani ɗan ginin ƙasa ne a bayan Katabu, ya karkace kamar tsohon da barci ya kwashe a zaune. A cikinsa kuke jibge kujerun roba. Shi ne cocinku na farko, kun sani sarai, kun dai kau da kai ne.

Harira kaɗai ke shiga da tsintsiya. Tana yarinya iyayenta suka sauko daga ƙauyukan Malumfashi neman ƙasar noma, su da wasu 'yan gidaje. Wani Fada, limamin Katolika, yakan zo musu a kan babur, ya yi musu sujadar Misa a inuwar ɗorawa. Da suka ce za su yi gini, ya jero musu sunayen waliyyai su zaɓa. Ba su zaɓi ko ɗaya ba har ya zo kan Isidoro, ɗan ƙodago a gonar wani, wanda aka ce in ya tsaya addu'a mala'iku kan kama garmarsa da fararen shanu. Nan take tsofaffi suka ce wannan namu ne, ya san ciwon baya.

Da gayya aka yi ginin. Ranar yaɓe na ƙarshe, kowa ya danna tafinsa a ɗanyen bangon da ke bayan bagadi, maza da mata, don babu mai iya rubuta sunansa a cikinsu. Harira ta san kowane hannu. Ga na katikis na farko, mai koyar musu da addini, ga na maƙerin da ya rasa ɗan yatsa, can ƙasa kuma ga na mahaifiyarta Husaina, ƙarami, yatsun a buɗe.

A bana iskar bazara ta yaye kwanon rufin da ke saman bangon daidai. Bikin Waliyyin ya matso, hadari kuma kullum sai ya leƙo daga gabas. Harira ta sami Sabo, ɗan ƙaninta, shugaban kwamitin biki, yana raba atamfar anko mai hoton Isidoro.

"Sabo, rufin nan fa. Ruwa ɗaya zai cinye hannayen nan."

"Gwaggo ke nan! Bari a gama biki mana. Ga alkaki, ga maganar shinkafa, ga masu kiɗa."

"Ruwan zai jira ka gama shinkafar?"

Ya yi dariya yana ninke atamfa. "Waliyyinmu ai mala'iku ke yi masa aiki. Ƙila su sauko da guduma."

"Shi sai da ya fita gona da asuba suka same shi a can, ɗan nema. A kan kujera aka ce maka suka tarar da shi?"

Matan da ke layi suka kwashe da shewa. Sabo ya miƙa mata atamfarta, ya juya ga ta bayanta.

Ta koma tsohon ginin da rana tsaka, ta zauna ta jingina da kujerun. Zafi ya yi nauyi, iska ta ɗauke. Haske yana zubowa ta inda kwanon ya yaye, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali. Sai ta ga kamar bangon yana numfashi. Hannayen suka fara motsi, suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya kamar masu gaisuwa daga nesa. Ƙasan ɗakin ya buɗe ya zama gona mai faɗi, fararen shanu biyu suna tafe ba tare da ƙafarsu ta taɓa ƙasa ba, kunyar noma tana kwantawa a bayansu, baƙa, mai ƙamshi. Mahaifiyarta na biye da ƙwaryar iri a ka, tana waƙar da Harira ta daɗe da manta farkonta. Ta buɗe baki za ta kira ta, wani abu mai sanyi ya faɗo mata a goshi.

Ruwa ne. Kafin ta miƙe ya kece. Ya biyo bangon, ja wur, yana gangarowa layi-layi. Ta warware atamfar ankon ta manna a bangon, ta jiƙe nan da nan ta zame. Ta ƙwala kiran Sabo, ƙarar ruwa a kan sauran kwanon ta haɗiye muryar. Da ta ga layin ruwan ya nufi ƙasa, sai ta durƙusa ta ɗora tafinta a kan na Husaina, ta danne. Ruwan ya bi ta wuyan hannunta, ya sauka ta gwiwar hannu. Ba ta motsa ba. Ƙasar ta yi ɗumi a ƙarƙashin tafinta, ta yi laushi, har ta ji kamar an riƙe ta.

Da ruwan ya tsagaita ta janye hannun a hankali. Akwai tafi a bangon, mai zurfi, gefensa a fili. Amma babba ne, yatsun a tanƙware irin na mai ciwon gaɓoɓi. Nata ne. Na Husaina ya narke a ƙarƙashinsa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga kai. Na maƙerin ya tafi rabi. Na katikis da sauran na sama suna nan, jiƙaƙƙu, suna sheƙi. Gabas kuwa ta sake yin baƙi.

Ba ta koma wurin Sabo ba. Ta jawo tabarma ta jingina a bangon, ta tokare da kujeru, ta zauna gadi.

Tana can yanzu haka, kuma tabarma ba ta tare ruwan damina. Kai da kake karanta wannan, kana da guduma ko ka san mai ita. Ajiye ɗinkin ankon, ɗauki fallen kwano da ƙusa, ka hau rufin nan yau, kafin la'asar.