An Cire Birki

Tana cikin goge fuskar kwamfutar hannun da gefen mayafinta ta ji ɗumi a tafinta. Ta juya bayan na'urar ta ɗora a kumatu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Zafi ne sosai, alhali babu abin da ke motsi a fuskar, hoton ƙashin ƙafa ne kawai a buɗe tun safe.

Birki kowa ke ce mata a ofishin, har masu shara, kuma aikinta ne ya jawo mata. A cikin na'urar akwai wani ɗan guntu mai zana duk abin da ido ke gani a fuskarta, ita kuma take rubuta manhajar da ke tuƙa shi, wadda suke kira direba. Idan likita na jujjuya hoto, direban ya sakar wa guntun gudu. Da an ɗauke yatsa, ya rage masa wuta ya kwantar da shi. Shekara guda ta kwashe tana wannan lallashi, har batirin ya kai ga ɗaukar nas daga shigarta aiki zuwa tashinta ba ta nemi soket ba. Yau masu saye daga asibiti za su zo, kuma abin da suka taɓa suka yarda da shi, shi za a haɗa a kai musu.

"Wa ya taɓa min direba?" ta tambaya.

Dogo, wanda teburinsa ke manne da nata, bai ko ajiye biskit ɗinsa ba. "Ni ne. Layi ɗaya kawai na canza. Na ɗaure shi a gudun ƙarshe."

"Wato ko babu mai kallo ya yi ta gudu?"

"Manaja ne ya ce. Wai in ta huta aka taɓa ta, tana ɗan jan ƙafa kafin ta farka."

"Ƙiftawar ido ce fa."

"To ai ƙiftawar idon za su gani, Anti. Batirin naki wa zai zauna ya gani?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Aikinta in ya yi kyau babu mai lura da shi.

Ta tarar da manaja yana gyara wuyan rigarsa a gilashin taga.

"Yallaɓai, in aka kai ta haka, kafin tsakar rana za ta mutu a hannun nas."

"Ƙanwata, wa ya ce an zubar da aikinki? Adana shi da kyau. In sun fara kuka da batir, sai mu fito da shi a matsayin sabon gyara. Har godiya za su yi mana." Ya juyo yana murmushi. "Af, batun sabunta kwantiragin aikinki ma yana nan, ban manta ba. Bari baƙin nan su tafi tukuna."

Ya san maigidanta na zaune a gida tun da aka rufe masana'antarsu. Ita da bakinta ta gaya masa, lokacin da take zaton mutumin kirki ne.

Baƙin suka iso. Babbansu, wani mai zobba a yatsu, ya ja hoton ƙashin sama da ƙasa, ya juya shi, ya buɗa shi. Ko gezau na'urar ba ta yi ba. Can ya yamutsa fuska.

"Bayanta da zafi."

Birki ta matso gaba. Ta buɗe baki, manaja ya riga ta.

"Aiki take yi, ranka ya daɗe. Ƙarfi ne."

"Haka motata take," in ji mai zobba. Aka yi dariya, Dogo ya fi kowa.

Daga can baya wata nas da suka zo da ita, mace mai ɗan shekaru da alamar gajiya a ido, ta ɗaga hannu. "Caji fa? Yana kai mutum ƙarshen aiki?"

"Kin yi tambaya a inda ya dace," in ji manaja. Ya nuna Birki da hannu biyu. "Ga injiniyarmu nan. Shekara guda cur ta yi a kan batirin nan kaɗai. Ko ba haka ba?"

Kowa ya juyo. Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a maganarsa, mugun. Birki ta dubi nas ɗin, ta dubi manaja, wanda murmushinsa bai motsa ba.

"Haka ne," ta ce. "Shekara guda na yi."

Nan take mai zobba ya ce sun amince.

Ana fita, nas ɗin ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙo hannunta.

"Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Na'urorin da muke da su yanzu, muna tsakiyar duba marasa lafiya cajinsu ke ƙarewa, ki bar mutum a kwance ki tafi neman caja. Da manajanku ne kaɗai ya faɗa, wallahi da ban yarda ba. Amma tunda daga bakinki na ji, hankalina ya kwanta."

Birki ta raka ta har bakin matakala. Ta dawo ta tarar da na'urar a kan tebur, an bar ta a kunne, jan layin batir ya riga ya fito. Ta jona mata caja kafin wani ya gani.