Surukin Kansila

Kansila Sha'aibu yana shekararsa ta biyu a kan kujerar mazaɓar Tudun Gawo, can gefen Kaura Namoda ta hanyar Zurmi, lokacin da labari ya zo cewa surukinsa ma ya shiga siyasa.

Surukin nan sunansa Bashkim, amma a gidan Bashiru ake ce masa, don harshen Hajiya Larai, matar Kansila, ya ƙi ɗaukar sunan. Babbar ɗiyarsu Saudat ce ta haɗu da shi a Amurka, inda ta tafi ƙaro karatun jinya, ta kuma samu aiki a wani asibiti a jihar Mishigan. Iyayensa daga Albaniya suka yi ƙaura yana ɗan shekara bakwai. Da aka fara maganar auren Sha'aibu ya ɗan ja baya, sai da limamin unguwa ya ce ai Albaniya cike take da Musulmi, har wani babban malamin hadisi daga can ya fito. Tun daga ranar mutanen unguwa suka yanke cewa surukin Kansila jikan malamai ne. Gaskiyar magana kuwa, Bashiru mai gyaran famfo ne, kamar yadda ubansa yake.

Saudat ce ta kira da hantsi ta faɗi labarin. Ta ce a ɗan garin da suke 'yan Albaniya suna da yawa. Iyayensu da wanke-wanke a gidajen abinci da sharar ofisoshi suka fara, yanzu cikin 'ya'yansu akwai ɗan sanda, akwai wata mata a kwamitin makarantu. Ƙungiyarsu ce ta zauna ta ce lokaci ya yi da za su sa mutum ɗaya a majalisar gari, kuma tunda Bashiru ya shiga kusan kowane gida yana gyaran famfo, shi ya fi kowa sanin jama'a.

Sha'aibu ya gyara zama a kan kujerar roba, ya turo hula gaban goshi.

"Kansila ke nan zai zama, kamar ni. To ki ce mashi ya fara da mata. Atamfa, sabulu, ɗan gishiri da magi. Matasa kuma a bar su sai saura kwana ukku, in ba haka ba su manta."

"Baba, nan in ya raba sabulu kama shi za a yi."

"To mi zai ba su?"

"Lambar wayarsa. Gida-gida yake bi yana ƙwanƙwasa ƙofa."

Tausayin yaron ya kama Sha'aibu. Da ya ajiye waya ya ce wa Larai, "Wannan ko akwatin ƙofar gidansu ba ya ci." Duk da haka bai fasa ba da shawara ba. Kowane mako sai ya aika saƙon murya mai tsawo, Saudat ta ce ta fassara, Bashiru yana godiya.

A watan Nuwamba Bashiru ya ci. Saudat ta turo hoton mahaifinsa, wani tsoho mai farin gashi, yana kuka a bakin rumfar zaɓe. Ta ce a ƙasar da ya taso mutum bai isa ya yi ƙorafi ko a kan layin burodi ba, yau ga sunan gidansu a takardar ƙuri'a. Larai ta share hawaye da bakin gyale. Sha'aibu kuwa ya sa aka yanka rago, ya aika cikin garin Kaura aka bugo ƙyalle mai hotuna biyu, nasa da babbar riga, na Bashiru da kwat, aka rataya a ƙofar gida.

"Ni na koya mashi," yake ce wa masu zuwa murna. "Ta waya muka yi komai."

Bayan 'yan murna sai masu buƙata suka fara zuwa. Na farko Muhtari ne, mai motar ɗaukar hatsi, wanda duk Alhamis yake kai kaya kasuwar Shinkafi. Kwalbatin da ke bakin unguwa ya rufta tun damina biyu da suka wuce, dole yake zagayawa ta cikin gonaki, tayoyinsa suna ƙarewa. Sai Inna Zulai, wadda take jagorantar matan unguwa, a kan rijiyar burtsatsen da ta daina ba da ruwa. Sai Hammadu, Bafulatanin da ya taso daga wajen Gurbin Bore bayan an kore masa garke, yanzu yana zaune a gefen unguwa da shanu huɗu. Shi abin da yake so kaɗan ne: a faɗa wa shugaban Amurka halin da ake ciki a daji. Sauran kuma yawanci biza suke nema wa 'ya'yansu.

Babu wanda ya tuna cewa kwalbati da rijiya aikin mai gidan da suke zaune a ƙofarsa ne, shi ma bai tuna musu ba. Cewa ya yi kowa ya kawo buƙatarsa a rubuce. Ya ɗauki hoton takardun ɗaya bayan ɗaya ya tura wa Saudat, a ransa yana cewa wannan ita ce hanya mafi sauƙi da ya taɓa samu ta sallamar jama'a. Amurka da nisa. In amsa ta yi shekara ba ta zo ba, babu mai ganin laifinsa.

Amsa ta zo cikin kwana tara, ranar Juma'a da safe. Saƙon murya ne na minti goma sha ɗaya. Sha'aibu bai saurara ba. Ya aika a faɗa wa kowa a haɗu bayan an sauko daga masallaci, ya sa aka fito da lasifikar kamfen ɗinsa aka jona da waya a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Mutane suka cika wurin, mata daga bayan zana.

Muryar namiji ta fara fitowa, da Hausar da ba ta nuna ba: "Salamu alaikum, Baba. Ina gajiya." Aka yi dariya, aka amsa. Daga nan ya juya Turanci, Saudat tana bin bayansa tana fassarawa.

"Ya ce ya karanta kowace takarda. Maganar biza, ku yi haƙuri, ba shi da iko a kai ko kaɗan. Ya ce shi ko gwamnan jiharsu bai taɓa gani ba sai a talabijin. Aikinsa fitilun titi ne, da kwasar shara, da inda za a ajiye mota. Da rana har yanzu famfo yake gyarawa."

Sha'aibu ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa.

"Baffa Hammadu, ya ce takardarka ta fi kowace taɓa shi, don ƙauyen kakansa ma babu kowa cikinsa yanzu. Ya rubuta wa ɗan majalisar da ke wakiltarsu a tarayya. Ba ya so ya yi maka alkawarin ƙarya, mai yiwuwa godiya kawai za su turo. Amma ya rubuta, kuma zai sake."

Hammadu ya ɗaga kai daga kan sandarsa ya ce a hankali, "Ya ambaci sunana."

"Sai maganar kwalbati da rijiya," in ji Saudat. "Ya ce wannan kam kun yi sa'a, don ba sai an zo Amurka ba. Aikin kansila ne, kuma kansilanku Baba ne. Ya ce shi duk mako yana zama awa biyu a ɗakin karatu na gari, duk mai kuka ya zo ya same shi. In shi ɗan koyo yana yin haka, ya san Baba da ya koya masa siyasa ya fi haka. Ku je wurinsa ranar Litinin. In ba a yi ba ku koma Litinin ta gaba. Ya ce haka iyayensu suka yi a nan har aka san da su."

Sha'aibu ya miƙa hannu zai kashe wayar, amma saƙon ya riga ya ƙare da kansa. Inna Zulai ce ta yi magana daga bayan zana.

"Kansila, ƙarfe nawa ranar Litinin ɗin?"

Da ya shiga gida ya tarar da Larai tana tsince shinkafa. Ya ce, "Anya yaron nan ne ya faɗi duk wannan? Ko ɗiyarki ce ta ƙara nata?"

"Ni dai ban jin Turanci, Alhaji," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ranar Litinin Inna Zulai ta zo da kujerarta 'yar tsugunno da mata bakwai. Sha'aibu ya fita ta ƙofar baya. Litinin ta biyu ya tafi Gusau ya yi kwana uku, ya dawo ya tarar an mayar da zaman zuwa Alhamis saboda shi. A Litinin ta uku Muhtari ya ajiye motarsa daidai ƙofar bayan, ya ce ta lalace. Babu mai zagi, babu mai ɗaga murya. Gaisuwa suke yi cikin ladabi, su tambayi lafiyar Bashiru, sannan su tambayi kwalbati.

A ƙarshe ya ga ba mafita, ya zauna ya rubuta takardar neman aiki ya kai sakatariya. Ma'aikacin da ya karɓa ya buɗe fayil ɗin mazaɓar Tudun Gawo, suka ga babu komai ciki sai takardar rantsar da shi. Ma'aikacin bai ce uffan ba, ya buga hatimi. Sha'aibu ya fi son a ce ya yi magana.

Daga nan ya zama ɗan gidan sakatariya. Ya san lokacin da injiniya yake shigowa, ya san mai gadin da ke faɗin gaskiya in an tambayi ko Ciyaman yana ciki. Bayan wata biyu aka ba da siminti da rodi. Muhtari ya ɗauko yashi daga gulbi da motarsa, matasa suka yi haƙa, matan Inna Zulai suka ɗebo ruwa. Makanikin da aka kawo ya duba rijiya ya ce wata 'yar roba ce kawai ta cinye a cikin famfon, ya canja ta kafin la'asar. Shekara guda da rabi mata suna tafiya bakin gulbi saboda wannan robar.

Sha'aibu kullum yana wurin aiki da malafa, yana faɗa da birkila a kan kwaɓin siminti. Ya yi baƙi, ya rame, babbar riga ta koma rataye a ƙusa. Abin da ya ba shi mamaki, bai ji haushin abin ba kamar yadda ya zata. Wata rana ya kama kansa yana tsaye shi kaɗai yana shafa bangon kwalbatin da tafin hannu. Ya sa aka rubuta ƙaramin allo mai sunansa da shekarar aikin.

Aka gama kafin ruwan farko. Ranar buɗewa aka kafa allon, Muhtari ya tashi yin jawabi a madadin jama'a. Ya gode wa Allah, ya gode wa mata da matasa. Sannan ya ce akwai bawan Allah guda wanda bai taɓa taka ƙasar nan ba, bai sha ruwanmu ba, amma da magana ɗaya ya yi muna abin da munka shekara biyu muna nema. Aka yi kabbara. Liman ya yi wa Bashiru da kakanninsa malamai addu'a mai tsawo, a ƙarshe ya haɗa da duk wanda ya taimaka ta kowace hanya. Kafin mako ya zagayo 'yan acaɓa sun sa wa wurin suna. In ka hau mashin daga tashar Kaura, cewa za ka yi a sauke ka Kwalbatin Bashiru.

Saudat ta kira bayan ta ga hotuna. Ta ce Bashiru yana jinjina wa Baba. Shi wata bakwai ke nan yana neman a kafa alamar tsayawar mota guda ɗaya a mararrabar makaranta, kwamiti yana ta zama, mutanen unguwarsu har sun fara cewa ba su ga amfanin zaɓensa ba. Yana tambaya ko Baba zai faɗa masa sirrin.

"Ki ce mashi haƙuri ne," in ji Sha'aibu.

Da zaɓe ya matso, Muhtari da Hammadu da wasu dattawa suka zo har zaure. Muhtari ya ce sun zauna sun yi shawara, ba su da ɗan takara sai shi.

Sha'aibu ya fara cewa aikin ai na kowa ne.

"Gaskiya ne," in ji Muhtari. "Mu dai abin da munka duba, muddin ɗiyarka tana gidan Bashiru, akwai mai sa ka aiki."

Hammadu ya gyaɗa kai, sauran ma suka gyaɗa. Aka yi fatiha suka tashi.

Sha'aibu ya daɗe zaune a zauren. Can ya ciro waya ya kira Saudat. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin garin, sannan ya ce, "Kuna dai zaune lafiya da mijinki ko?"

"Lafiya lau, Baba. Wani abu aka ce?"

"Babu komai. Ki riƙa haƙuri da shi, kin ji. Ko mi ya yi maki, ki fara kirana tukuna."