Huɗuba Ta Waya

Da Hashimu ya san za a rufe boda, wallahi da bai bar matarsa Mubina ta tafi Maraɗi goyon ciki ba. To amma cikin fari ne, wa ya isa ya hana mace haihuwar fari a gaban uwarta? Balle surukinsa Alhaji Sada ba baƙo ba ne, tun Hashimu bai fara gemu ba yake zuwa Bunkure duk rani lodin tumatir da albasa. A wannan zirga-zirgar ma aka ƙulla auren.

Ba ta jima da tafiya ba sojoji suka karɓe mulki a can. Manyanmu na nan suka fusata, aka rufe boda, aka yanke wutar da ake tura musu, har aka fara maganar yaƙi. Yaƙi kuma da wa? Da mutanen da muke cin kasuwa ɗaya, muke auren 'ya'yansu.

Tsoro ya shigi Hashimu, abinci ya daina wuce masa. Mutumin da a da ba ya sauraron komai sai wasan ƙwallo, yanzu rediyo ke rataye a wuyansa har cikin gonar shinkafa. Yau a ce an tura wakilai sulhu, gobe a ce sun dawo hannu rabbana. Idan ya kira Mubina, wayar a kashe, saboda ba wutar caji. Ranar da ya yi sa'a ya same ta, cewa ta yi ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma ungozoma ta ce haihuwar sai dai a asibiti. Asibitin da ba wuta.

Wata ranar Talata da hantsi yana tsugune bakin kwata yana sakar wa gonarsa ruwa, sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar Alhaji Sada ce. Hannunsa duk taɓo, da ƙyar ya iya dannawa.

"Hashimu, ka saurara, cajin saura kaɗan. An sauka. Namiji ne."

"Alhamdu lillahi! Baba, yaya..."

"Ga wayar a kunnensa. Yi masa huɗuba, kai ne uba."

Ya ji wani ɗan siririn kuka, kamar na ɗan akuya. Ya zauna daɓas a kan kunya. Ya yi kiran salla a cikin wayar, ya yi iƙama, ya raɗa wa yaron suna Maharazu. A bayan kukan jaririn yana jin hayaniyar mata, da wata murya tana ta cewa a yi sauri a nemo mota.

"Baba, motar me? Ina Mubina? A ba ta wayar."

"Ka yi ta addu'a, ɗana. Jinin ne bai..."

Wayar ta ɗauke.

Ya kira, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Rediyon wuyansa na ta bayani cewa ɓangarorin biyu sun amince a ci gaba da tattaunawa a mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa?" in ji Hashimu da ƙarfi, ba kowa a gonar sai shi.

Ya bar ruwan yana ta malala cikin shinkafar, ya haye titi ba ko takalmi, yana ɗaga wa kowace mota hannu, ya san sarai ba wadda za ta iya kai shi inda take.