Danshi a Silin ɗin Tela

Tun ranar da Inna ta zame a bakin bahon wanka ta bugu a ƙugu, babbar 'yarta ta ce bahon nan ya gama zama a gidan. Ma'aikaciyar jinya ce, kowa a layin yana kiranta Nas, kuma ta ga tsofaffi da yawa da irin wannan faɗuwa ta kwantar ba su sake tashi ba. Abin da take so shi ne wurin wanka a buɗe, daɓensa ɗaya da na sauran banɗakin, babu abin da za a tsallaka, yadda Inna za ta shiga da sandarta ta zauna a kujerar roba.

Su a saman bene suke. A ƙasa Tela ne yake haya, yana kwana a ɗaki ɗaya yana ɗinki a ɗaya, kuma ɗakin ɗinkin ne daidai ƙarƙashin banɗakin.

Ƙanin Nas ya ce ba sai an kira magini ba, su biyu sun isa. Auta ke nan, mai gyaran waya, mutum mai hannu, sai dai a gidan an san shi da fara aiki da zafi ya bar shi da sanyi. Akwai kantar takalma da ya fara haɗa wa Inna tun bara, tana nan jingine bayan ƙofa da ƙafa uku. Nas ta tuna masa da ita. Ya yi dariya ya ce katako ne ya ƙare, ba shi ba.

Farkon aikin ya tafi daidai. Suka fasa gefen bahon da guduma suna karɓa-karɓa, suka sauko da shi ta matakala yana gogar bango, Tela yana leƙe daga ƙofarsa da allura a baki. Suka zuba sabon daɓe, suka ba shi ɗan gangare zuwa magudana. Da ya bushe Nas ta riƙa zuba ruwa da kofi daga kowane lungu tana kallon inda zai nufa, har sai da ta gamsu cewa ba ya tsayawa ko'ina.

Sai maganar hana yoyo. Mai shagon kayan gini ya ba su bokitin wani shuɗin fenti mai kauri wanda idan ya bushe yake zama kamar roba, da naɗin ƙyallen raga na mannawa a kusurwoyi. Ya ja musu kunne cewa shafe biyu ake yi, na farko ya bushe sarai kafin a yi na biyu, kuma kafin a ɗora tayil a toshe magudana a tara ruwa ya kwana, a gani ko zai ragu. Shafe ɗaya, in ji shi, da shi da babu duk ɗaya.

Tare suka yi na farko. Washegari aka kira Nas daga asibiti, abokiyar aikinta ta kwanta rashin lafiya, sai ta haɗa aikin mutum biyu. Kwanakin nan barci kawai yake kawo ta gida. Ranar da ta samu kanta ta tura ƙofar banɗakin, sai ta tarar an gama shimfiɗa tayil ɗin ƙasa gaba ɗaya, fari tas, layi a miƙe. Auta na tsaye a bayanta yana murmushi, yana jiran yabo.

Ta yaba, domin aikin ya yi kyau. Amma ta tambaye shi shafe na biyu, ya ce ya yi. Gwajin ruwa fa? Ya ce ya tara, ya kwana, bai ragu ba. Ta nemi bokitin fentin don ta ga abin da ya saura a ciki, ya ce ya ƙare, ya ba mai kwasar shara. Da ta tambayi Inna daga baya, Inna ta ce ita dai ta ji motsinsa kullum, amma ƙofa a rufe yake aiki saboda wari, ba ta ga komai ba.

Suka gama bango tare, suka cike tsakanin tayil, suka kafa ƙarfen riƙewa daidai tsayin hannun Inna. Ranar da Inna ta fara wanka a ciki ta daɗe har aka ƙwanƙwasa mata, ta fito tana cewa ashe haka masu kuɗi suke ji.

Bayan 'yan makonni Tela ya hau sama da safe, ɗauke da yadin wata mata a ninke. Ya buɗe musu shi, ga tabon ruwa mai launin ƙasa a tsakiya. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce su sauko su gani. A silin ɗinsa danshi ya zana wani abu mai faɗin faranti, fenti ya kumbura, ɗigo yana taruwa a hankali a gefe guda. Ya ce shekarunsa a ɗakin nan bai taɓa ganin haka ba, sai da aka fara buge-buge a sama.

Nas ta ɗaga kai ta dubi danshin, sannan ta dubi ƙaninta. Shi kuwa silin ɗin yake kallo.

Da suka koma sama ba ta fito fili ba. Ta fara da tambayar awa nawa ya bari tsakanin shafe da shafe, da wane buroshi ya yi, ko ya bi bakin magudana da raga. Yana ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji.

"Yaya, tambayata kike yi ko faɗa mini kike yi?"

Ta ce tambaya ce kawai. Ya ce to ya amsa.

Daga ranar komai ya zama shaida a wurinta. Me ya sa ya yi gaggawar rufe ƙasan kafin ta gani? Me ya sa bokitin ya ɓace? Mutumin da bai taɓa gama kanta ba, shi ne zai tsaya ya jira fenti ya bushe, babu mai kallonsa? Ta biya shagon kayan gini kamar za ta sayi wani abu, ta jefa tambaya. Mai shagon ya ce e, ya tuna ƙanin nata ya dawo shi kaɗai, ya tambayi ko fanka tana sa fentin saurin bushewa. Ta fito tana cewa a ranta biri ya yi kama da mutum.

Shi ma Auta bai zauna haka ba. Ya ce wa Inna shi bai yarda da Tela ba, wataƙila tsohon danshi ne ya ga dama ta samu a gyara masa ɗaki. Da Inna ta ce tsohon danshi ba ya ɗiga, sai ya koma kan mai shago, ya ce wa ya sani ko an sirka fentin da ruwa. Tela kuma ya daina amsa gaisuwarsu da sakin fuska, duk lokacin da ya ji ƙarar ruwa a sama sai ya fito tsakar gida ya tsaya. Inna tata damuwar daban. Gani take yi so ake a raba ta da wurin wankanta, don haka ta fara shiga da sassafe tana sakin ruwan kaɗan-kaɗan kamar mai sata.

Nas ta hana amfani da wurin, aka mayar da Inna ƙaramin bayi da bokiti. Danshin bai tsaya ba, ya ma ƙara faɗi. Auta ya ce to ga shi, ba daga nan ba ne. Ita kuma ta ce ruwan da ya riga ya taru ƙarƙashin tayil ne yake sauka a hankali. Abin da zai wanke shi ma sai ya zama hujja a kansa. Ya daina cin abinci tare da su, yana dawowa daga shago ya wuce ɗakinsa.

Wata safiya da Nas take hutu, bayan Auta ya fita, ta ɗauko guduma da cizal. Ta zaɓi tayil ɗin kusurwa, inda take ganin mai ha'inci zai fi tsallakewa. Ta sassaƙe farin simintin da ke kewaye da shi, ta sa bakin cizal ta buga. Tayil ɗin ya tsage gida uku. Ta ɓamɓare.

Ƙarƙashinsa a bushe yake ƙamas. Shuɗin fentin na nan da kaurinsa, kuma inda bakin cizal ya yanke shi ya ɗago kamar ɓawo, ana ganin hawa biyu, sawun buroshi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ta shafa da yatsa, ta shinshina. Duk da haka zuciyarta ba ta saki ba, ta ce wataƙila a bakin magudana ne. Ta fasa na biyu, ta fasa na uku. Ko'ina a bushe, ko'ina hawa biyu, kuma ko'ina yanzu ga yankan da ita ta yi.

Inna ta daɗe a bakin ƙofa dogare da sandarta.

"Kin samu abin da kike nema?"

Nas ta ce ba ta samu ba.

"To ai sai ki gode wa Allah," in ji Inna, ta juya.

Ranar Nas ta kira mai gyaran famfo. Ya kashe duk famfunan gidan, ya duba mitar ruwa ya ga tana ci gaba da juyawa a hankali, ya ce ruwa yana fita a wani wuri da ba a gani. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne, har ya fasa wani ɗan wuri ta ɓangaren kicin. Tsohon bututun ƙarfe ne da ke kai ruwa wurin wanke-wanke, ya yi tsatsa a mahaɗa, yana tsartuwa siriri kamar zare. Ruwan yana bin cikin bango ya sauka kan simintin da ya raba sama da ƙasa, ya gangara zuwa inda ya fi kwari, wato saman keken ɗinkin Tela. Ya ce da ma bututun ya gaji, amma ba mamaki girgizar guduma lokacin fasa baho ce ta ƙarasa shi. Gudumar kuwa su biyu suka riƙe ta.

Da yamma Auta ya dawo ya tarar da ɓaraguzai. Ya tsuguna ya duba ramukan uku, ya ɗaga yankakken fentin da farce ya sake shi. Nas ta gaya masa abin da mai famfo ya gano, ta ce ta yi kuskure, ya yi haƙuri. Bai dube ta ba.

"Da kin tarar da shi a jiƙe, da kin fi jin daɗi?"

Ta sake ba shi haƙuri. Can ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke nufin akwai.

Gyaran ya fi aikin farko wuya. Sai da suka ɗaga duk tayil ɗin da ke kewaye da yankan don sabon fenti ya hau kan tsoho da kyau. Nas ta ce ya yi kawai, ba sai ta tsaya ba. Ya ce a'a, ba zai taɓa buroshi ba sai tana wurin, kuma ita za ta toshe magudana ta auna ruwan da hannunta. Haka aka yi, ba hira. A shago kuma irin tayil ɗinsu ya ƙare, sai wani mai ɗan duhu suka samu, ya zauna a tsakiyar farin kamar faci a riga.

Da silin ɗin Tela ya bushe, Inna ta ce su sauka su biyu su kankare su yi masa fenti, kuma kada wanda ya hawo ya bar ɗaya. Tela ya janye kekensa, ya lulluɓe kayan mutane da leda, ya kawo kujera ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hannunsu. Auta na kan tsani, Nas na riƙe da ƙafar tsanin. Ƙurar tsohon fenti ta zubo mata a ka, ya ce ta matsa hagu, ta matsa. Ya ce hagunsa yake nufi. Ta ce ai sai ya faɗa, ya ce ya faɗa, ba ta yarda ba ne. Tela ne ya fara dariya, sannan ita. Auta bai yi ba, amma ya miƙo hannu ta ba shi buroshi.

Suka gama kafin la'asar. Tela ya zagaya yana duban silin ɗin ta kowane gefe, ya ce ya yi kyau, ya yi musu godiya. Suna fita Nas ta waiwaya, ta gan shi yana tura wata tsohuwar roba da ƙafa zuwa daidai inda ruwan yake ɗiga a da.